Hannun da Ya Cafe wa Igwa da Tela

Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci muka zauna cin shinkafa a Al Rigga, sai an sami wani a cikinku, ku samarin kargo, ya dubi hannuna ya ce, "Baba Gola, wai da gaske biyanka ake yi don kana cafe ƙwallo?" Sauran ku kwashe da dariya, wani ya ƙara da cewa in akwai gurbi a saka shi, shi ma ya iya cafe lemo in an jefo masa daga kan mota. Madalla. Tunda kowa gwani ne, bari in ba ku labarin aikin. Wanda ya ga zai iya sai ya kawo yatsunsa goma, mu ga nawa zai koma da su gida a miƙe.

Sunana Isiyaku, mutumin Fagge ne ni. Na yi tsaron raga a wata ƙungiyar unguwa har gwiwa ta ce ta gaji, daga nan aka samo mini bizar ban-ruwan ciyawa a wani filin wasanni da ke bayan gari a nan Dubai. Kwana a Sonapur, unguwar leburori, gado bisa gado, motar kamfani ta kwashe mu da safe ta juye mu a fili kamar yashi.

Wasan da zan yi muku magana a kai ba wanda kuka sani ba ne. Na Amurkawa ne. Suna kiransa ƙwallon ƙafa amma da hannu ake yinsa, kuma kada ku tambaye ni dalili, ni ma na tambaya aka kalle ni kamar ni ne mai matsalar. Ƙwallon kamar gwanda yake, tsini gaba tsini baya, da ɗinkin farar igiya a gefe guda. Kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya da ke jefa shi. Su suna ce masa kwatabak, ni mai jifa nake ce masa. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu su tare masa, a gabansu kuma wasu ƙartin ne na abokan hamayya da ba su da wani buri a duniya sai su kwantar da shi su hau kansa. Tsakanin ƙwallo ya shigo hannunsa da ƙato ya iso wuyansa bai fi ka yi atishawa ka ce alhamdulillahi ba. A cikin wannan ɗan taƙin zai duba fili, ya gane wanda ya kuɓuce a cikin 'yan gudunsa, ya aika masa. In an ci wasa shi ne sarki. In an faɗi, har mai sayar da gyaɗa a bakin fili ya fi shi sanin inda ya kamata ya jefa.

Idan kakar wasansu ta ƙare ƙasarsu ƙanƙara ce, nan kuwa lokacin ne rana take da ɗan mutunci. Sai wani kamfanin dillalan 'yan wasa ya riƙa turo matasan masu jifansa nan, wurin wani tsoho da kowa ke ce wa Koci, su yi atisaye nesa da 'yan jarida. Yaran ma suna so, don da yamma akwai raƙumin da za a hau a ɗauki hoto.

Ranar da na fara taɓa ƙwallon, tiyo ne a hannuna. Na ji an yi ihu, na waiga, sai ga abu ya taho yana juyi kamar majaujawa. Tsohuwar ɗabi'a ta motsa, na yar da tiyo na tare shi da ƙirji irin na gola. Tsinin ya same ni a ƙahon zuci. Na zauna daɓas a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ina neman numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, amma ban saki ba. Wani dattijo baƙar fata, Mista Otis, wanda shi ke kula da kayan wasan Koci, ya zo ya tsaya a kaina. Bai tambayi lafiyata ba. Ya zare ƙwallon daga hannuna ya jujjuya shi ya ga ko ya jiƙe. Sannan ya ce, "Ba ka rufe ido ba. Gobe ka zo ɗakin kaya."

Na je da murnata, na ɗauka cafiya za a fara. Kakar farko gaba ɗaya ban cafe ko ɗaya ba. Goge ƙwallo na yi. Sabon ƙwallo idan ya fito daga kwali santsi gare shi kamar sabulu a hannun yaro, babu mai jifan da zai yarda ya taɓa shi. Sai ka jiƙa tawul da ruwan zafi ka dirje shi har jan rinin ya koma jikin tawul ɗin. Ka bar shi ya sha iska. Ka ɗauko burushi mai taurin gashi ka bi shi lungu-lungu. Ka shafa masa wata irin laka da Mista Otis yake kawowa daga ƙasarsu a cikin gwangwani, yana ɓoyonta kamar turaren amarya. Ka bari ta bushe, ka sake burushi, har fatar ta yi duhu ta riƙa kama yatsa. Sannan famfo da ma'aunin iska, don wani yaron yana son nasa da tauri, wani da ɗan laushi, kuma kowannensu ya rantse zai gane bambancin ido a rufe. Ga raɓar Dubai, wadda kan mayar da aikin jiya banza kafin rana ta ɗaga. In na kai wa Mista Otis wanda na gama, sai ya shinshina shi, ya murza da babban yatsa, ya mirgino mini shi ta ƙasa. Ma'ana a sake. Mutumin nan bai taɓa ce mini sannu da aiki ba sai ranar da zai koma gida ya huta, ita ma sannun gwangwanin laka ya miƙo mini a madadinta.

Shi ya koya mini cafiyar. Ƙirji haramun ne. Da yatsu ake karɓa, ka haɗa manyan yatsunka da manuniya ka yi ɗan taga, tsinin ya shigo ciki, ka bi shi baya kaɗan kamar ana miƙo maka jariri. Ka tsaya daidai inda aka ce, ka ɗaga hannu daidai inda aka ce, kada ka matsa don ka taimaki jifar, don Koci so yake ya ga inda ƙwallo ya sauka, ba inda kai ka iya kaiwa ba. Safar hannu tana taimako, filasta tana taimako, amma babu abin da ke hana yatsa lanƙwashewa in ƙwallo ya zo masa a kan tsini. Ku dubi wannan ƙaramin. Da can gabas yake kallo tare da 'yan'uwansa.

Wani bahago da aka kawo mana ya kusa sa a sallame ni. Ƙwallonsa baibai yake juyawa, ni kuwa hannuna ya saba da na dama. Safiya guda cur yana zille mini kamar tarwaɗa, yaron yana kallona yana kallon Koci, irin kallon a ina aka samo wannan. Da kowa ya tafi cin abinci sai na kunna injin harba ƙwallo, na juya shi ya riƙa harbo mini da juyin hagu, na tsaya a rana har hannuna ya daina gardama. Washegari ban yar da ko ɗaya ba. Yaron ya gaya wa Koci ya ji jifarsa ta gyaru cikin dare ɗaya. Na ce haka ne, yallaɓai, ka ƙoƙarta.

Iyaye su ne babbar jarrabawa. Akwai wani uba da ya biyo ɗansa tun daga can, ya kafa kujera a bayana, duk jifa sai ya yi sharhi. Yaron ya rikice, ya riƙa aiko mini da ƙwallo a ƙwauri. Uban ya miƙe zai fara zagi, sai na ɗaga hannu na ce, "Yi haƙuri yallaɓai, laifina ne, rana ce ta shiga idona." Ranar kuwa tana ƙeyata. Ya juyo kaina ya sauke duk abin da ya tanadar wa ɗansa, yaron ya samu ya numfasa, jifa ta dawo daidai. Wannan ma yana cikin aikin, sai dai ba a rubuta shi a takardar ɗaukar ma'aikaci ba.

To, sai kakar da aka kawo mana yara biyu tare. Kowannensu ya yi shekararsa ta farko a matsayin ƙwararre, kowanne a ƙungiyarsa, kuma duka biyun sun sha kashi yadda ya kamata. Dillaliyarsu ɗaya, wata mata da muke ce wa Madam, wadda ba ka ganinta sai da waya a kunne. Sunayensu na gaskiya ba za su ƙare ku da komai ba, ni dai na laƙaba musu Igwa da Tela.

Igwa dogo ne, kafaɗa kamar ƙofar kwantena. Ƙwallonsa kafin ka gan shi za ka ji shi, yana wani gurnani a iska, in ya sauka a tafinka sai ka ji har haƙori. Yana durƙushe a kan gwiwa ɗaya zai jefa daga tsakiyar fili zuwa ƙarshensa yana dariya. Matsalarsa ɗaya ce, shi kansa bai san wanne ne zai zo hannunka wanne ne zai tafi wurin ajiye motoci ba. Ya taɓa fasa gilashin motar hayar Madam, ta fito ta dubi ɓarnar, ta auna nisan da ido, ta ce a ɗauki hoto a tura wa 'yan talla. Makonni yana jifana bai san sunana ba, "mai hannu" yake ce mini.

Tela a wurinsu gajere ne, wato ya fi ni da kai guda kawai. Ƙwallonsa yakan zo a hankali ya zauna a hannunka kamar an miƙo maka kofin shayi. In ka ɗaga hannu a kunnen dama, a kunnen dama zai sauka. Gajerun jifa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗinkin keke, shi ya sa na ba shi sunan. Amma ka ce ya aika nesa, sai ka ga abu yana tangaɗi a sama kamar kazar da aka wurgo daga kan katanga. Shi kuma ga tambaya. "Aizik, yaya ka ji wannan? Hancin ƙwallon ya sunkuya?" Aizik ni ke nan, Isiyaku ya fi ƙarfin harshensu.

Kowa a filin ya zama malamin kwatance. Direban bas yana da ra'ayi, mai shara yana da ra'ayi. Aka kawo wani likitan na'ura ya manna musu wayoyi a kafaɗa da ƙugu, ya kafa kyamarori, ya yi kwanaki yana kallon kwamfuta, daga ƙarshe ya sanar da mu cewa Igwa ya fi ƙarfin hannu, Tela ya fi saiti. Muka yi masa godiya, don da bai faɗa ba da mun mutu cikin duhu.

Abin ya daina zama hira ranar da Madam ta tara mu a ƙarƙashin rumfar bakin fili. Ta ce kamfani ya yanke shawarar ɗora ƙarfinsa a kan yaro ɗaya. Koci zai bi shi Amurka ya zauna da shi har ƙarshen kaka, talla da 'yan jarida duk a kansa za a zuba, kuma in yaron ya tashi, kwangilar sansaninmu ta ɗore. Ba ta faɗi abin da zai faru in bai tashi ba, mu ma ba yara ba ne.

Likitan na'ura ya ce Igwa. Madam dama tun ranar gilashi ta gama zaɓe. Koci ya daɗe yana murza haɓa, sannan ya juyo gare ni.

"Aizik, kai ka sha dukan su biyun. Wa za ka ɗauka?"

Na ce, "Koci, abin da Tela yake yi ana iya koya wa Igwa. Abin da Igwa yake yi kuwa, Tela sai dai a sake haihuwarsa."

Koci ya ce, "Abin da ke raina ke nan."

Madam ta tafa hannu ta ce, "Kalas." Kalmar Larabcin da ta koya ke nan a Dubai, wato an gama, kuma da ita take sallamar kowa, har mai kawo mata kofi.

Mutum huɗu masu hankali, ga kwamfuta ta biyar, mun auna kafaɗa, mun auna ƙugu, mun auna juyin ƙwallo. Babu wanda ya ce, shin su wane ne ƙarti biyar ɗin da za su tsaya a gaban yaron nan? Kada ku zuba ido kuna jiran in ce na yi kuskure. An tambaye ni hannu, na faɗi hannu.

Da la'asar Tela ya same ni a ɗakin kaya ina burushi. Ya jingina da ƙofa ya ce, "An ce kai ma shi ka zaɓa."

Na ce, "Shi na zaɓa."

"Don Madam tana wurin?"

"Ko ba ta nan."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "To gyara mini guda biyu in tafi da su." Na gyara masa, ya sa a jaka, ya bi kowa ya yi masa sallama har mai gadi. Yana sauka ƙasarsu ya bar kamfanin Madam.

Wasanninsu a waya nake kallo, washegari da safe a cikin bas. Ƙungiyar Igwa ta tsayar masa da ƙarti biyar da in ka rataya labule a wurinsu zai fi su tare mutum. Kafin ya ɗaga kai an hau shi. Ya tashi ya karkaɗe, a sake hawansa. Aka kori kocin ƙungiyar, sabo ya zo da nasa tsarin, ya ce duk abin da aka koya masa a baya ya manta. Bai gama mantawa ba aka kori wannan ma. Namu Kocin yana can gefe, ba a ko barinsa ya shiga filin atisaye. Yaro ya fara jefa ƙwallo tun kafin ya duba, don dai ya rabu da shi, abokan hamayya suna cafewa suna godiya. Ana cikin haka wani ƙato ya zo masa ta bayan da ba ya gani, ya haɗa kafaɗarsa ta dama da ƙasa. A waya ma sai da na ji ƙarar.

Tela kuwa aka sayar da shi da araha ga wata ƙungiya mai tsohon koci mai haƙuri, da ƙarti biyar da in sun jeru sai ka ce an ajiye kwantenoni. Ya tsaya a bayansu kamar mai jiran bas, ya duba dama ya duba hagu, ya yi ɗan ɗinkinsa, a ci gaba. Suka yi ta cin wasa. Nan take masana suka gano cewa yaron yana da wata irin ƙwaƙwalwa da ba a taɓa gani ba, kuma kowannensu tun da can ya sani, mantawa ya yi bai faɗa ba. Aka sa masa abin magana a baki, ya ce akwai wani sansani a cikin hamada da aka taɓa gaya masa bai isa ba. Bai kama suna ba. Sansanin masu jifa nawa ne a cikin hamada?

Kakar da ta biyo baya ko yaro ɗaya ba a turo mana ba. Madam ta aiko da saƙo mai daɗi, ƙarshensa kalas. Koci ya zauna a ƙasarsu, dama gwiwoyinsa sun gama aiki. Filin aka ba wa 'yan wasan kurket haya. Ni da na bar Sonapur na kama ɗan ɗaki a Deira ina jin kaina wani abu, sai ga ni na koma gado bisa gado, ina lallaɓar mai filin kada ya soke bizata. Wani Alhaji ɗan kasuwar Kwari da ke loda kaya a jiragen katako a Port Saeed ya taimaka ya karɓe ni. Ranar farko ya gabatar da ni ga yaransa, ya ce, "Ga ƙwararre na kawo muku, Turawa yake cafe wa. Malam Isiyaku, bismilla, ga katan ɗin firji can, cafe." Shekara guda ina cafe firji da taya da buhunan omo. Abin mamaki, babu wanda ya taɓa tambayata ko hancin katan ya sunkuya.

Wata safiya ina kan tulin kaya waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Murya ta ce, "Isiyaku?" Ya faɗe shi daidai, har da ya ɗin tsakiya, da alama ya yi atisayensa. Igwa ne. Ƙungiyarsa ta sallame shi, kamfanin Madam ma haka. An yi masa aiki a kafaɗa. Ya ce yana Dubai shi kaɗai, ba ya son kowa a ƙasarsu ya ga jifarsa ta farko, ko zan zo in cafe masa?

Na roƙi Alhaji safiya, ya ce in je, firji ba ya gudu. Muka kama wani ƙaramin filin makaranta kafin yara su zo. Na tono gwangwanin laka na gyara ƙwallaye. Koci muka kira ta bidiyo, muka jingina wayar da kular ruwa, yana kwance a kujera da bargo yana yi mana tsawa daga wata duniya. Igwa ya cire riga zai canza, na ga tabon ɗinki ya bi kafaɗar kamar zip. Na tsaya kusa, nisan da ɗan firamare zai iya. Ya ja baya ya jefa. Ƙwallon ya faɗi a tsakaninmu ya yi ta mirgina.

Na je na ɗauko shi. Daga cikin waya Koci ya ce, "To, yanzu ka zama mutum irin kowa. Sai mu fara koyon jifa."

Haka muka yi ta yi har zafi ya fara shigowa. Da yake ƙarfi ya tafi, dole ya koyi abin da a da yake ganin aikin gajeru ne: inda ƙafa za ta taka, yadda ƙugu zai juya, ya duba kafin ya saki. Ya fara tambayata yadda na ji ƙwallo. In na ɗaga hannu a kunnen dama, a kunnen dama yake sauka. Ƙarfin yana dawowa kaɗan-kaɗan, amma na lura ba ya sakin hannun duka, kullum da ɗan birki, kamar direban da ya taɓa faɗawa rami.

A can kuma duniya ta juya wa Tela. Tsohon kocinsa ya yi ritaya, ƙungiya ta sayar da uku daga cikin kwantenoninsa don sun yi tsada. Sai ga shi ana hawansa kamar kowa, gajeriyar jifa an gane ta, doguwar kuwa kun ji yadda take. Masanan da suka gano ƙwaƙwalwarsa suka sake bincike, suka gano ashe tun farko hannunsa ne ba shi da ƙarfi, kuma wannan ma sun daɗe da sani.

Sai Igwa ya zo mini da labari: wata ƙungiya za ta turo mutum ya duba shi, suna neman na ajiya, mai zama a benci. Mutumin ya zo, wani mai jar fuska da hular rana, gumi yana bin wuyansa tun kafin a fara. Igwa ya gaishe shi ya ce, "Wa ya ba ku labarina? Na ɗauka kowa ya manta da ni."

Mutumin ya ce, "Wanda za ka zauna a bayansa. Ya ce ya taɓa ganin hannunka a nan garin."

Tela ke nan. Ko don alheri ya yi, ko don ya lissafa cewa gara a ajiye masa mai mutacciyar kafaɗa a baya da a kawo mai lafiya, wannan sai ku tambaye shi. Yaron dai tun da can ba wawa ba ne.

Aka fara. Gajeru, matsakaita, dama, hagu, duk suna zuwa kamar an aiko su da adireshi. Mutumin yana gyaɗa kai amma fuskarsa ba ta ce komai ba. Can ya cire hula ya share goshi ya ce, "Irin wannan muna da shi a gida. An ce mini kana da igwa. Ina take?" Ba da wannan kalmar ya faɗa ba, amma ita yake nufi.

Ya tura ni can tsakiyar fili, ya ce in yanko da gudu, a same ni a tsakanin alamu biyu da ya ajiye. Na dubi Igwa na ga yana murza kafaɗar. Na ɗaga murya na ce, "Yalla, mai hannu yana jira!" Na yanko. Ban ga fitowar ƙwallon ba, gurnanin kawai na ji, wanda rabona da shi tun kafin firji. Ya same ni a kan tsinin yatsan zobe na hannun dama. Na ji ƙas. Na riƙe.

Na juya musu baya kamar ina gyara safar hannu. Yatsan ya kwanta a kan ɗan'uwansa, ya kalli wani gari daban. Na ja shi na mayar da shi layi, na zaro filasta daga aljihu na ɗaure shi da na tsakiya, na mayar da safa. In yaron nan ya ga ya ji wa mutum ciwo birkin zai dawo, mutumin kuma jirginsa na yamma ne. Na wurga ƙwallon da hagu na koma wurina na ɗaga hannu. Ya sake aiko da irinsa, ya kuma sakewa, mutumin yana ta cewa a ƙara, don shi ba yatsansa ba ne. Ban yar da ko ɗaya ba. Da aka gama ya mayar da hularsa, ya ce za a kira, ya shiga tasi.

Sai da na zo cire safar ta ƙi fita Igwa ya gani. Ya sa ni a mota muka tafi wani ƙaramin asibiti a Deira, yana tuƙi yana ba ni haƙuri, ni kuwa ina gaya masa ya kalli hanya, kada a haɗa mini da wuya. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya duba, ya duba sauran yatsun, ya tambaye ni ko injin niƙa nake aiki da shi. Ya ɗora mini ƙarfe ya naɗe hannun har wuyansa, ya ce wata biyu ba cafiya, ba ɗaukar kaya. Na ce ya rubuta wa Alhaji da Larabci da Turanci.

Muna zaune a benci muna jiran magani wayar Igwa ta yi ƙara. Ya miƙe ya koma jikin taga. Ba na jin abin da ake faɗa, sai "na'am, yallaɓai" da yake ta maimaitawa. Ya kashe ya dawo ya tsaya a gabana.

"Sun ɗauke ni. Na ajiya, a bayansa."

Na ce, "To madalla. Koci ɗaya, ƙarti biyar ɗaya, labulen da zai tare masa shi zai tare maka. Yanzu ne za a san waye waye."

"Kai wa kake gani?"

Na ce, "Ni likita ya ba ni hutu."

Ya yi dariya har mutanen asibitin suka waigo. Sannan ya sunkuyo, ƙaton nan, idonsa ya yi ja, ya ce, "Isiyaku, na gode." Ya damƙi hannuna da hannayensa biyu ya girgiza da iya ƙarfinsa.

Na daman. Mai ƙarfen.